Ruwa Ya Janye, Amai da Gudawa Sun Shigo: Ta Ina Agajin Waje Ke Biyowa?

Filin Tambaya da Amsa

Wasiƙun wannan karo galibinsu daga garuruwan bakin Gulbin Rima suka zo, da unguwannin cikin Sakkwato da ruwa ke kwanciya. Kusan duk magana ɗaya ce: cutar da ke bin bayan ambaliya, da agajin da ake jin labarinsa a rediyo. Likitan kiwon lafiyar al'umma da injiniyan ruwa na wannan fili ne suka haɗu suka amsa. Mun taƙaita wasu wasiƙun, mun kuma sakaya sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk shekarar da ruwa ya ci muna gidaje, sai mu ji an ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da miliyoyin daloli. Mu kuwa sai mun bizne mutane kafin mu ga farar mota ko ɗaya. Wa ke kiran waɗanga ƙungiyoyi, kuma mi ke riƙe su a hanya?
Daga wani malamin firamare, Goronyo

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙa'idar da Majalisar ta tsayar tun 1991 ita ce, gwamnatin ƙasar da bala'i ya afka wa ita ke da alhakin farko, agajin waje kuma sai da yardarta. To ita ma Abuja sai an gaya mata, saƙon kuwa daga ɗakin shan magani na ƙauyenku yake tashi.

Ma'aikacin lafiya ya ga mutum ɗan shekara biyu ko fiye yana zawo tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, idanu sun faɗa, ko ya ji wani ya mutu da irin wannan zawo. Wajibi ne ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma cikin awa 24. Kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 23 na jihar tana da nata. Shi zai kai ga ma'aikatar lafiya ta jiha, jiha ta kai ga hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Abuja, daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta samu. A tsakanin nan ana ɗibar bayan gidan majiyyaci. Gwajin gaggawa minti 15 ne, amma nuni kawai yake yi. Tabbatarwa sai an reni ƙwayar cutar a ɗakin gwaje-gwaje, wannan kuwa kwanaki ne, ban da na hanya.

Abin da ya fi komai nauyi a wannan tafiya wata takarda ce mai layi-layi: sunan majiyyaci, shekarunsa, ƙauyensa, ranar da ciwon ya fara, inda yake shan ruwa, ya tashi ko ya rasu. Da ita ake neman kuɗi, da ita ake lissafin ledar ƙarin ruwa nawa za a turo. Nan ne kuma muke cutar kanmu. Mutum ya fara zawo da asuba, ya cika kafin Azahar, an yi masa sutura kafin La'asar, ba wanda ya rubuta. A takarda, ƙauyen nan lafiya lau yake. Wani lokaci ma jami'ai ne ke jin nauyin furta kalmar kwalara, a yi ta cewa "gudawar damina ce" har mako biyu su shuɗe.

Dalolin da kake ji ba a jaka ake zuwa da su ba. Akwai asusun gaggawa na Majalisar, CERF, da ya fara aiki a 2006. Akwai na WHO da aka kafa a 2015, wanda kan iya sakin har dala 500,000 cikin awa 24. Red Cross ta duniya ma tana da nata da take tura wa reshenta na Najeriya. Hukumomi irin su UNICEF ake ba wa kuɗin, su mai da shi kulorin, sabulu, ledojin ƙarin ruwa, hayar tankoki da alawus ɗin ma'aikata. Abin da babu a ƙasa daga manyan rumbuna ake ɗaukowa, na UNICEF a Denmark yake, akwai wani a Dubai. Jirgi ya sauke, sai kwastan, sai NAFDAC idan magani ne, sai tirela ta kamo hanyar Sakkwato. Ta iso ma ba a gama ba. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumban 2010 sun san ruwan Rima ya tafi har da gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Idan ta birni ta tafi, ina ga kwalbatin ƙauye? Daga nan sai kwalekwale.

Akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba. Shirin jin ƙai da Majalisar ke yi wa Najeriya shekara-shekara na Borno da Adamawa da Yobe ne. Shi ya sa da madatsar Alau ta fashe a Satumban 2024 ta mamaye Maiduguri, ƙungiyoyi na nan cikin garin da motocinsu da ɗakunan ajiyarsu. Arewa maso yamma ba ta cikin tsarin, duk da cewa ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta daɗe tana aiki a Sakkwato da Zamfara, ta sha kira a saka ta. Ga shi a 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, aljihun agaji ya ƙara tsukewa ko'ina. A ganinmu, mazaunin Goronyo ya ƙaddara cewa makon farko nasa ne da ƙaramar hukumarsa da jiha. Kwalara awanni take buƙata, agajin waje kwanaki ko makonni. Lambar NCDC ta kyauta 6232 ce, kowa na iya kira.

Tambaya: Surukata ta ce warin mushen dabbobi da ruwa ya kwaso shi ke kawo amai da gudawa. Ni kuma na ji an ce duk inda aka yi ambaliya dole kwalara ta biyo. Wanne ne gaskiya?
Daga wata uwa, Mabera

Amsa: Hajiya, a gai da Inna, amma duka biyun ba haka ba ne. Kwalara ƙwayar cuta ce da ke fita ta bayan gidan mai ɗauke da ita, ta shiga bakin wani ta ruwa ko abinci ko hannu. Mafi yawan masu ɗauke da ita ma garau suke yawo. Aikin ambaliya shi ne ta cika masai ya tumbatsa, ta kwashi abin da ke ciki ta juye a rijiya da fasasshen bututun famfo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda babu ƙwayar, ruwa zai yi ɓarnarsa ya wuce.

Ƙasar Haiti ce shaida. Girgizar ƙasa ta rugurguza ta a Janairun 2010, aka yi wata tara ba kwalara. A Oktoba ta ɓulla, bincike kuma ya nuna daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal ta fito, bayan ƙazantarsu ta gangara kogi. Kusan mutum 10,000 suka rasu, sai a 2016 Ban Ki-moon ya nemi gafarar mutanen ƙasar. Mu a nan ba sai baƙo ya kawo mana ba, tana tare da mu: a 2021 an ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Mushe a binne shi nesa da rijiya. Ke kuma ki lura da yadda cututtukan ke biyo juna. Zawo ne na farko. Kwalara kan bayyana tsakanin awa 12 da kwana 5 bayan an sha ruwan. Zazzaɓin cizon sauro sai ruwa ya kwanta a kududdufai, bayan makonni. A Pakistan ambaliyar 2022 ta ninka masu zazzaɓin kusan sau biyar a kan na shekarar da ta gabace ta. Don haka ko kun yi ƙaura, kada yara su tsallake maganin wata-wata da ake bi gida-gida da damina. Inda kuma aka cunkusa jama'a a makaranta, ƙyanda ce abin tsoro, shi ya sa ake yi wa yara allura daga 'yan wata 6 har shekara 15 tun ba a ga ƙurji ko ɗaya ba.

Tambaya: Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibiti, mu uku ne. Wata ƙungiya ta aje muna kwalayen kayan kwalara, ta ce likitansu na tafe. Kafin ya iso, yaya za mu yi da su, kuma wane kuskure aka fi yi?
Daga Silame

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Ƙunshin kayan kwalara irin na WHO an lissafa kowanne ne a kan majiyyata 100, to kuskure na farko shi ne a ƙarar da ledojin ƙarin ruwa a kan waɗanda ba sa buƙata. Mutanenmu ba sa ganin an yi musu magani sai an rataya leda. Ka daure. Kusan 8 cikin 10 na masu kwalara ruwan gishiri da sukari na ORS kaɗai ya ishe su. In ka biye wa roƙo, ranar da aka kawo maka wanda ya sheme a kan amalanke, kwali wayam.

Raba su tun daga ƙofa. Wanda ƙishirwa ta dame shi, idanu sun ɗan faɗa, fatar ciki in ka mintsina a hankali take komawa, amma yana iya sha: mililita 75 na ORS a kan kowane kilo na nauyinsa cikin awa 4. Mai kilo 60 lita huɗu da rabi ke nan. Yaro mai kilo 10 mililita 750, da cokali, kurɓi-kurɓi. Ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba. Fakitin ORS na lita ɗaya ledar ruwan sha biyu mai santilita 50 yake ci, abin da ya kai awa 24 a zubar.

Wanda ya galabaita, ba ya iya sha, bugun jijiyar hannu ya yi rauni ko ba a jin sa, shi ne mai leda, kuma wadda aka rubuta Ringer's lactate a jikinta, mililita 100 a kan kowane kilo. Ga wanda ya kai shekara ɗaya, 30 na farko cikin minti 30, sauran 70 cikin awa biyu da rabi. Jariri kuwa 30 cikin awa ɗaya, 70 cikin awa 5. Dubi lissafin mai kilo 60: lita 6 cikin awa 3, kusan lita 2 a rabin awar farko. Leda tana ɗiga ɗis-ɗis ta siririyar allura ba za ta kai ba. Sa babbar allura, in ta kama a sa hannu biyu. Ledar ruwan sukari zalla ba ta mayar da gishirin da jiki ya zubar, kada ta tsaya a madadin wancan. Da ya iya haɗiya, fara masa ORS ledar na tafiya. Ka kiyaye da yaro mai tamowa mai tsanani: zuciyarsa ba ta ɗaukar wannan gudu, nasa jadawalin daban ne, a hankali, ana duba numfashi.

Maganin kashe ƙwayar cuta na masu tsanani ne da masu juna biyu, doxycycline miligiram 300 sau ɗaya ga babba, bayan amai ya lafa. Rage kwanakin zawo yake yi, ruwa ne ke ceton rai. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ba su zink miligiram 20 kullum har kwana 10, 'yan ƙasa da wata 6 rabin haka. Flagyl da kafso da ake saye a kemis a haɗiya a kwanta a gida, su ke cinye awannin da ya kamata a ce an kawo mutum. In an yi aiki daidai, mace-mace ba sa kai 1 cikin 100. Masu tsanani da aka bari kuwa har rabinsu na iya tafiya.

Farin garin kulorin na cikin bokitin roba, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, haɗi uku ake yi da shi, a rubuta a jikin kowace roba da manyan baƙaƙe. Mai ƙarfi, kashi 2 cikin 100: giram 30, wato babban cokali biyu a shafe, a lita ɗaya, na bokitin kashi da amai ne, da gawa. Matsakaici, 0.2: giram 30 ɗin a lita 10, na daɓe, gado, tufafi da takalma. Mai sauƙi, 0.05: cokali ɗaya a lita 20, na wanke hannu. Biyun ƙarshe kullum ake sabunta su. A roba mai murfi, a inuwa. Ba ya jituwa da ƙarfe, rana kuma tana kashe shi. Wanda ya rikita su zai ƙona hannu da na farko, ko ya zuba na ukun a kan kashi ya zaci ya kashe cuta.

Ware ɗaki ko rumfa, ƙofar shiga daban da ta fita, mai jinya ɗaya tak, masai nasu su kaɗai. Gadon kwalara ba abin jira daga Turai ba ne, kafintan gari zai yi shi: rami a daidai ɗuwawu, shimfiɗar leda, bokiti a ƙasa, wani a gefen kai don amai. Ka tanadi ruwa lita 60 a rana ga kowane majiyyaci. Takardar nan mai layi-layi kuma kowace yamma ta tafi, ko da hotonta ne ta waya.

Tambaya: Ma'aikatan wata ƙungiya sun zuba magani a rijiyarmu sun tafi. Wasu sun ƙi shan ruwan, wai yana wari, wasu na cewa maganin hana haihuwa ne. Waɗanda suka yarda kuma suna sha kai tsaye. Mi zan ce ma jama'ata?
Daga wani mai unguwa, Rabah

Amsa: Ranka ya daɗe, ka ce musu kulorin ne, wanda ake sa wa ruwan famfo a manyan biranen duniya, ba ruwansa da haihuwa. Abin da ya fi gamsar da mutane shi ne kai da liman ku sha a gabansu bayan sallar Juma'a. Ɗan warin nan ma alama ce maganin na nan da ransa.

Amma waɗanda suka saki jiki sun fi ba mu tsoro. Kulorin da aka zuba a rijiya na wanke ta ne, ba ya daɗewa. Ruwan ƙasa na ci gaba da tsattsafowa, in masai na kusa da ƙazantarsa zai zo, ga guga da igiya da ake yarwa a taɓo a sake jefawa. Rijiyar da ambaliya ta haura bakinta sai an kwashe ta, an yashe laka, an gyara baki da daɓe. Ko bayan haka, lokacin annoba a jarkar mutum ake sa magani.

A zaunar da mutum biyu a bakin rijiya da sirinji marar allura. A kaɗa babban cokali ɗaya na garin kulorin, giram 15, a lita ɗaya. Wannan ita ce uwar haɗi. Don sanin abin da ruwanku ke ci, a cika jarka huɗu masu lita 20, a ɗiga mililita 2 a ta farko, 3, 4 da 5 a sauran. A jira minti 30, a auna da ɗan abin awon da ƙungiyoyin ke bayarwa, wanda ruwa ke komawa ruwan hoda a cikinsa in an jefa ƙwaya. Jarkar da ta nuna tsakanin 0.5 da 1, adadinta za a riƙa ɗiga wa kowa. Kowace rijiya da nata awon, a kuma sake bayan ruwan sama. 'Yan ga-ruwa su ne kan gaba a layi, domin kura ɗaya gidaje da yawa take shayarwa.

Laka ce ke ɓata aikin, tana cinye kulorin kafin ya kai ga ƙwayar cuta. Ruwan gulbi jawur sai an sa alif ya kwanta, an tsiyaye na sama, sannan magani. Ƙwayoyin tsarkake ruwa irin su Aquatabs girma-girma ne, wata ta ƙaramin bokiti ce wata ta jarka, a karanta jikin takardar, a jira minti 30. Ba na haɗiya ba ne, a ɓoye wa yara. In babu komai, a tafasa ya yi ɓul-ɓul na minti ɗaya.

Saura randa. Ruwa ya iso gida da tsarkinsa, an juye, yaro ya dawo daga bayan gida ya zura moɗa har wuyan hannu. Jarka mai ƙaramin baki ko bokiti mai famfo sun fi a irin wannan lokaci. In randar ce dole, murfi da ludayi mai dogon hannu da ake ratayewa. Masu fura da zoɓo da ƙanƙara kuwa a tambaye su da wane ruwa suka yi.

Tambaya: An ce akwai rigakafin kwalara na sha. Me ya hana a yi wa kowa tun kafin damina kamar na shan inna?
Daga wata ɗaliba, Jami'ar Usmanu Danfodiyo

Amsa: Malama, ƙarancinsa. A 2013 aka kafa rumbun ajiyarsa na duniya, ƙawancen samar da rigakafi na Gavi ke biya, wani kwamiti na hukumomi huɗu ke rabawa idan annoba ta ɓarke: WHO, UNICEF, MSF da Red Cross. Tarihin kwamitin ma ya shafe mu, domin a 1997 aka kafa shi bayan annobar sanƙarau ta 1996 da ta yi ɓarna a arewacin Najeriya da maƙwabta. Gwamnatin tarayya ce ke rubuta buƙata, da alƙaluman masu cutar da tsarin yadda za a raba. In takarda ta cika, kwamitin kan yanke hukunci cikin kwana biyu, burinsu maganin ya sauka cikin mako guda. Wadda ta zo da giɓi mayar da ita ake yi, a nan makonni ke salwanta.

Asali sau biyu ake sha, da tazarar aƙalla mako biyu. A Oktoban 2022 masu nema suka yi yawa har kwamitin ya koma ba da sau ɗaya a wurin annoba, zuwa 2024 kuma kamfani ɗaya na Koriya ta Kudu ne ya rage yana cika rumbun. In an yi sauri yana aiki: bayan guguwar Idai ta Maris 2019, an shayar da fiye da mutum 800,000 a Beira da kewayenta a Mozambik cikin kamar mako guda. Sai dai yana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, ba a ba jariri ɗan ƙasa da shekara, kariyar sai bayan kwanaki take kankama, ba ta cika ɗari bisa ɗari, a ƙananan yara ma ta fi rauni. Wanda ya sha ya ci gaba da sa wa ruwansa magani.

Tambaya: Ma'aikatan agaji sun ce kada mu wanke wanda kwalara ta kashe yadda muka saba, har mutane sun fara ɓoye gawa. Shin ba yadda za a yi wa Musulmi sutura ba tare da an ɗauki cuta ba?
Daga wani limami, Wurno

Amsa: Allah ya gafarta Malam, akwai. Ba a hana salla ko likkafani ko binnewa. Abin tsoro shi ne ruwan da ke ci gaba da fita daga cikin mamaci, da ruwan wankan da ke gangarawa tsakar gida. Gawar wanda ruwa ya ci ko gini ya danne ba ta yaɗa annoba, a yi mata yadda aka saba.

Ta mai kwalara, masu wanka su zama biyu ko uku, da safar hannu ta roba mai kauri, leda a gaba, takalmin roba. A fara shafe jikin da haɗin kulorin na kashi 2, a toshe baki da hanci da dubura da audugar da aka jiƙa a cikinsa, kada a matsa ciki. A yi wankan a kan rami da aka haƙa nesa da rijiya, a zuba kulorin a rufe. A shimfiɗa leda a makara, a gaggauta, wanda dama shi addini ya koyar. Tufafi da zannuwa a jiƙa su a haɗin 0.2 ko a tafasa, kada a kai su gulbi. Tabarma ko katifar da ta jiƙe a ƙone. Ko a zuba ruwa kawai ba cuɗawa, ko a koma taimama inda babu kayan kariya, wannan hukunci naku ne malamai. Ku zauna da ma'aikatan tun kafin rasuwa ta gaba, ba a kan gawa ba.

A kula da zaman makoki. Wadda ta yi jinya ko ta wanke zannuwa kada ta dama kunun sadaka. Buta da sabulu a ƙofa, abinci da zafinsa, a bar kwanon wanke hannu ɗaya da kowa ke tsomawa.

Tambaya: Mu 'yan Sakkwato ne mazauna Saudiyya, mun tara kuɗi. Wasu sun ce mu sayi magunguna da madarar jarirai mu turo wa mutanen da aka tsugunar a makarantar firamaren garinmu, kimanin 1,000. Mene ne shawararku? Kuma muna jin kayan agaji na ƙarewa a kasuwa.
Daga wani Alhaji, Jidda

Amsa: Alhaji, Allah ya saka da alheri, amma waɗannan biyun ku bar su. Madarar gwangwani a sansanin da ruwansa ba amintacce ba haɗari ce: da ruwan za a dama, da shi za a wanke bulumboti, nonon uwa kuma ya ragu. Jariri mai shan nono zalla ya fi kowa kariya a sansanin, ku ciyar da uwar. Wanda ya rasa uwa ma'aikatan lafiya ne za su tsara masa. Magani kuma, ƙa'idar WHO ita ce kada a turo sai wanda aka roƙa, da rubutun da ma'aikacin wurin zai iya karantawa, da sauran aƙalla shekara guda kafin ya lalace. Wanda bai cika wannan ba a tashar jirgi zai maƙale, ko ya zama sharar da sai an kashe kuɗi an ƙone. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ku turo kuɗin a sayi kaya a Sakkwato. Ga ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi, a kan mutum 1,000 ɗin. Ruwa lita 15 ga kowa a rana, jarka 750 ke nan masu lita 20, kullum. Masai ɗaya ga mutum 50 a kwanakin farko, a kai shi ɗaya ga 20, wato a fara da guda 20 a nufi 50. Na mata daban, da sakata da fitila, in ba haka ba ba za su shiga da dare ba. Ramin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, gindinsa mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A fadama da damina wannan ba ya samuwa, sai a ɗaga shi a kan tudun ƙasa ko durom. Sabulun wanka giram 250 ga kowa a wata, na wanki 200, jimla kilo 450. Sai jarkoki, fo na yara, buta, gidan sauro, da audugar mata da kowa ke mantawa. Kafin ku saya, ku tambayi hukumar agajin gaggawa ta jiha da sashen lafiya na ƙaramar hukuma abin da wasu suka riga suka kawo. Sau da yawa shinkafa da bargo sun yi yawa, sabulu da mai kwashe masai babu.

Karkatar da kaya yana faruwa, kuma duhu yake so. A rubuta sunayen gidaje, a karanta a bainar jama'a, a liƙa a bangon makarantar tare da abin da kowane gida zai samu. Mata su shiga kwamitin rabo, katin karɓa a hannun uwargida. A yi shela cewa kayan kyauta ne, ba kuɗin fom, ba wata alfarma da za a nema wurin mace. Ledojin ƙarin ruwa ba na rabo ba ne, asibitin da ke kusa za a kai, a ƙirga a gaban shaidu, mai kula da shi ya sa hannu. In kuɗin ya yi saura, ku ajiye wa asibitin nan fakitin ORS da garin kulorin a watan Mayu mai zuwa, kafin hanya ta yanke. Garin a bar shi a bokitinsa a rufe gam, a wuri mai iska, nesa da fetur da taki.